Maganin da ke Cikin Tukunya: Shawarwari 12 ga Gidajen Tozai da Kewaye

A da, idan aka ambaci hawan jini ko ciwon sukari, sai hankali ya tafi ga alhazan birni da manyan ma'aikata. Yau abin ya shigo ƙauye. Daga Tozai zuwa Gidan Hamma, daga Kalmalo zuwa cikin garin Illela, kowa ya san gidan da ake jinyar dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko dattijuwar da miki ya ƙi warkewa a ƙafarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan cututtuka masu zama a jiki, waɗanda ba ɗaukarsu ake yi daga wani ba, su ke haddasa kusan kashi 3 cikin 4 na mace-mace a duniya. A Nijeriya kuwa, kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai ga inda aka samo wani ɓangare na matsalar: katan-katan na taliya, buhunan sukari, jarkokin mai, ledojin dunƙule, ga lemon kwalba jibge. Abincinmu ya sauya cikin shekaru kaɗan, babur kuma ya karɓe tafiyar ƙafa. Amma gero da dawa da wake da ganye suna nan a gonakinmu da fadamunmu, ba su je ko'ina ba. Gyaran ba ya buƙatar abinci mai tsada. Abin da yake buƙata shi ne maigida mai cefane da uwargida mai girki su haɗa kai, a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, ba kwanon majinyaci kaɗai ba.

1. A fara da awo

Hawan jini yakan shekara a jiki ba ciwon kai, ba jiri, yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Don haka duk baligi a gida ya je asibitin shan magani mafi kusa ko Babban Asibitin Illela a auna jininsa, ko da sau ɗaya a shekara. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ranaku mabambanta, to hawan jini ne. Sukari kuma da safe ake aunawa kafin a ci komai. Idan ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka sami haka, ciwon sukari ne. Yawan fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa da rama ba dalili, duk alamu ne da bai kamata a zauna da su ba. A sami ɗan littafi a gida ana rubuta awon kowa da kwanan wata, domin da shi za a gane ko gyaran abinci yana aiki.

2. A daina zuba gishiri da ka, a auna

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Wannan lissafi ya haɗa da na miya, da na dunƙule, da wanda ke ɓoye cikin burodi, kilishi, soyayyar fara, yajin tsire da ɗan ƙullin da ke cikin ledar taliyar yara. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru cikin jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi.

Uwargida, ga dabara: da safe ki auna gishirin yini a ɗan murfi, rabin cokalin shayi ga kowane babba, ki ajiye kusa da murhu. Daga shi za ki yi na rana da na dare, in ya ƙare ya ƙare. Kada a rage a rana ɗaya, don maigida zai ce miya ta yi lami, a koma gidan jiya. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba, har miyar maƙwabta ta fara yi wa mutum zartsi. A kuma daina kawo gishiri kusa da kwano don ƙari.

Gishirin da za a yi amfani da shi ya kasance na leda mai sinadarin aidin, saboda kariya daga maƙoƙo da kuma ci gaban ƙwaƙwalwar yara. Amfanin rage gishiri ba zato ba ne. A wani bincike da aka fitar a 2021, wanda ya shafi mutane kusan 21,000 a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, gidajen da suka koma ga gishirin da aka rage wa sinadarin sodiyam sun sami raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Irin wancan gishirin dai bai dace da mai ciwon ƙoda ba, sai likita ya yarda.

3. A mayar da daddawa matsayinta

Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, farin magi ma sodiyam ne. Ga yadda ake yi a gidaje da yawa: an zuba gishiri, an murtsuke dunƙule biyar ko shida a tafin hannu an watsa, sannan an ƙara farin magi don miya ta tashi. Gishiri uku ke nan a tukunya ɗaya. Idan an saba sa shida, a koma uku, daga baya a koma biyu, kuma ranar da aka sa dunƙule a rage gishiri.

Abin da zai cike gurbin yana hannunmu. Daddawar kalwa da daddawar batso suna ba miya armashi. Albasa kuwa yankinmu ne gidanta, daga fadamun Sakkwato har Galmi a hayin iyaka, inda sunan albasarta ya zagaye Afirka ta Yamma. A soya ta da ɗan mai har ta yi ja, a daka tafarnuwa da citta da masoro da kimba, a marmasa busasshen kifi. Miyar da aka yi wa wannan haɗin ba ta neman dunƙule da yawa.

4. A yi hattara da kanwa, musamman ga mai jego

Mutane da yawa ba sa lissafa kanwa cikin gishiri, alhali ita ma sodiyam ce. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa don yauƙi, a ɗanwake, a tuwo, sannan ga kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego har kwana arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ma, wani bincike na 2007 ya sami wannan ciwo a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilai, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin goyon ciki. Duk da haka, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki ba ta buƙatar ƙarin nauyin kanwa.

Inna da gwaggo masu kula da jego, niyyarku alheri ce. Ku ba ta kunun gyaɗa, kunun tsamiya, hura da nono, miyar ganye, ƙwai da nama gwargwadon hali. Idan kun ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ba sanyi ba ne, a kai ta asibiti a ranar.

5. A lissafa sukarin da ake sha

Yawancin sukarin da ke shiga jikinmu shan sa muke yi. Dubi teburin mai shayi da safe: madarar gwangwani mai kauri a gindin kofi, cokali uku ko huɗu na sukari a kai, ga rabin burodi. Da yamma a majalisa, shayin Buzaye ana dafawa ana ƙara sukari tun daga na farko har na uku. Tsakanin nan ga lemon kwalba, wanda babbar robarsa na iya ɗauke da kusan cokalin shayi 12. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini ke nan. Gwamnatin tarayya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021.

A mayar da lemon kwalba abin biki da sallah. A raba sukarin shayi biyu. Hura a dama ta da nono kawai, daɗinta na asali ya ishe ta. Soɓo a jiƙa shi da citta da kanumfari, a rage sukari sosai ko a bar shi haka. An gano yana ɗan sauke hawan jini, amma bai kai matsayin magani ba. Mai ciwon sukari ya sani cewa zuma, mazarƙwaila da rake duk suna ɗaga sukarin jini, dabino kuma ɗaya ko biyu ya isa.

6. A riƙe gero da dawa, a rage surfe

Farar shinkafa, taliya, burodi da fulawa an raba su da dusarsu, shi ya sa suke saurin narkewa su zama sukari a jini. Gero, maiwa da dawa da ba a surfe su har suka yi fari fat ba suna ɗauke da harzar da ke sa abinci ya narke a hankali, ciki ya daɗe a ƙoshe, bayan gida ya yi sauƙi. A yi surfe sama-sama, a wanke, a kai niƙa. Dambu da fate masu yawan ganye sun fi tuwon gari mai laushi, shi kuma tuwo ya fi kunu mai ruwa-ruwa jinkirin ɗaga sukari.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai ciwon sukari ba shi da abinci sai alkama da acca. Wannan ya sa wasu suna kashe kuɗin da ba su da shi, wasu kuma suna cin malmala uku ta tuwon alkama da sunan magani. Alkama ma hatsi ce, tana ɗaga sukari. Abin dubawa shi ne yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, da miyar ganye mai yawa, ta tuwon geron gonarsa, ta wadatar.

7. Rabin kwano ya zama ganye

Hanya mafi sauƙi ta auna abinci ita ce a raba kwano da ido: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran kashin kuma wake, kifi, ƙwai ko nama. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kamar cikin tafin hannu sau biyar. Suna ɗauke da sinadarin fotasiyam mai taimakawa wajen sauke hawan jini. Wani sanannen bincike da aka fitar a Amurka a 1997 ya nuna cewa abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono marar maiƙo yana sauke awon jini cikin makonni kaɗan.

Da damina ga zogale, rama, tafasa, sure, lalo, alayyahu da gasaya, wasu ma ba shuka su ake yi ba. Kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir abinci ne cikakke. A tsinka da yawa a shanya a inuwa, a adana don bazara. Da rani fadama tana ba da kabeji, karas, latas, yalo da kankana. Magarya, goruba, kanya, ɗinya, gwaiba da mangwaro a ci su da tsokarsu, ya fi a matse ruwan a sha. Mai ciwon ƙoda shi kaɗai ne zai tambayi likita irin ganyen da zai ci da yawansa.

8. Wake ya shiga tukunya kusan kullum

Wake naman talaka ne, kuma yana da abin da nama ba shi da shi, wato harza. Idan za a yi shinkafa da wake, waken ya kai rabi ko ya fi. Alala da faten wake sun fi ƙosai, tunda ba a tsoma su cikin mai ba. A jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan, zai nuna da wuri ba kanwa, kumburin ciki ma zai ragu. Gurjiya, gyaɗa, riɗi da awara duk 'yan gida ɗaya ne a wannan amfani.

9. A auna mai da cokali

Miyar da mai ke yawo a samanta ba alamar wadata ba ce. A riƙa auna mai da cokalin cin abinci maimakon tuttulawa daga kwalba. Man gyaɗa ya fi man shanu da kitse sauƙi ga jijiyoyin jini, don haka man shanu ya zama ɗan ɗigo na ƙamshi. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, a zubar. Kifi da kaza sun fi jan nama; idan an je wurin mai balangu a ce ya cire kitsen, ya kuma rage yaji, don yajin cike yake da gishiri da dunƙule. Dafawa, turarawa da gashi su fi suya yawa a mako.

10. A kula da rumbu

Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau, a tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi, kore ko suka yamutse, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su. Wake kuma a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace da kyau, ƙwari za su mutu ba sai an barbaɗa maganin da zai koma cikinmu ba.

11. A rage teɓa, a motsa jiki

Ga awon da ba ya buƙatar sikeli: a ɗauki igiya a auna tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa, a ninka ta biyu, a zagaya ta ƙugu daidai cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa, kuma kitsen ciki shi ne ya fi jawo ciwon sukari. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon, da aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, a 2017, kusan rabin masu ciwon sukarin da bai daɗe ba, waɗanda aka sa su rage ƙiba a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita ba tare da ƙwaya ba bayan shekara guda.

Manomi yana samun motsi da damina, amma da rani sai zaman majalisa, ga 'yan kasuwa da direbobi da ke wuni a zaune. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ya isa. Mata a cikin gida, daka da shara da zagaya tsakar gida bayan cin abinci duk motsi ne. Wannan shawara ta rage ci ba ta shafi mai ciki, mai shayarwa, ramamme ko ƙananan yara ba. Su ƙarin abinci mai gina jiki suke buƙata, ganin yadda tamowa ke addabar yara a yankinmu. Jariri nonon uwa zalla har wata shida, bayan nan kunu mai gyaɗa ko waken suya, ba sukari.

12. Abinci abokin magani ne, ba madadinsa ba

Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ko allurar insulin kada ya daina don ya ga awo ya sauka. Ya kai littafin awonsa asibiti, likita ne zai rage. A guji masu lasifika a kasuwa da ke cewa gora ɗaya tana warkar da sukari da hawan jini da basir. Ba a san abin da ke ciki ba, kuma ƙoda ce ke biyan bashin. Haka yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki barkatai, suna ɗaga jini, suna cutar da ƙoda. Taba a bar ta gaba ɗaya, goro a rage.

Mai shan maganin sukari da ya rage abinci yana iya samun faɗuwar sukari: rawar jiki, zufa, jiri, ruɗewa. Nan take a ba shi cokali uku na sukari a ruwa, sannan ya ci abinci. Kowa a gidan ya san wannan. Kafin azumin Ramadan ya ga likita don a gyara masa lokutan magani. Idan yana azumi awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. A buɗa baki da ruwa da dabino kaɗan, a bar tarin soye-soye, a yi sahur da abinci mai riƙe ciki kamar tuwon gero ko wake.

Ba a son majinyaci ya zauna gefe da kwanonsa na lami yana jin ƙamshin na sauran jama'a, domin ba zai daɗe a kai ba. Idan tukunya ɗaya aka gyara, Baba zai samu sauƙi, yaran da ke tasowa kuma harshensu zai saba da abin da ba zai cutar da su ba, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba lallai a ɗauki duka goma sha biyun a rana ɗaya ba. A wannan makon a zaɓi uku: a je awo, a raba dunƙule biyu, a cire lemon kwalba daga cefane. Bayan wata guda a sake awo, a duba littafi, a ƙara wasu uku. Kuɗin da aka rage a sukari da dunƙule a sayi wake da ganye da su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya.